Aikin Kwamitin Sa-kai Wajen Tafiyar da Makarantar Firamare: Misalin Sandamu



Sandamu ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, sauran su ne Daura, Ɓaure, Mai'aduwa da Zango. Mafi yawan jama'arta manoma ne, masu noman gero, dawa, wake da gyaɗa. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne: wa ke da makarantar firamaren ƙauye a irin wannan wuri, kuma wa ke tsare ta?

A zamanin En'e amsar ba ta da wuya. Makarantar elementare tana hannun Sarki, ta hanyar hakimi da dagaci. Su ke kamo yara, su ke bin sawun wanda ya gudu. Tsarin yana da tsanani, har iyaye kan ɓoye 'ya'yansu, amma kowa ya san mai alhaki. A shekarar 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau, aka kuma soma shirin UPE na ilmin firamare kyauta. Makarantu suka yawaita, sai dai talaka ya ɗauka makaranta kayan gwamnati ce. In iska ta yaye kwano, sai a zuba ido a jira hukuma.

An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Bayan wannan ne Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince a kafa wa kowace makaranta kwamitin kulawa, wanda aka sani da SBMC. Membobinsa 'yan sa-kai ne, ba su da albashi. Akwai mai gari ko wakilinsa, da liman, da hedimasta, da wakilan malamai, iyaye, mata, masu sana'ar hannu, tsofaffin ɗalibai, har da yaran da ke karatu. Jihar Katsina tana cikin jihohin da Shirin Ilmin 'Ya'ya Mata na UNICEF da gwamnatin Ingila ya yi aiki tun 2004, kuma ta hannun irin waɗannan kwamitoci aka riƙa ba makarantu tallafin kuɗi.

Aikin kwamiti iri uku ne. Na farko, kawo yara da tsare su a aji. Idan damina ta faɗi, uba yana bukatar hannun ɗansa a gona. Ranar kasuwa kuma uwa tana bukatar 'yarta ta ɗauki talla. Malamin da aka turo daga wani gari ba shi da bakin shiga gida ya yi wannan magana. Liman yana da shi, wakiliyar mata kuma tana iya shiga har ɗaka. Na biyu, sa ido a kan malamai: wa ya zo, wa ya makara, wa ya sa hannu ya koma. Mai duba makarantu yakan zo ne jefi-jefi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Na uku, riƙon amanar kuɗi da kaya: tsara abin da za a fara gyarawa, ko rufi ne ko rijiya ko makewayi, sa'an nan a karanta wa jama'a lissafi a fili.

Amma fa akwai cikas. Ɗaukar malami da canja masa wuri da horonsa suna hannun Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB a Katsina. Iyakar kwamiti ya kai ƙara. In ya rubuta sau biyu, sau uku, ba amsa, sai gwiwa ta yi sanyi. A Ingila, inda masu kula da makarantu su ma 'yan sa-kai ne, dokar 1988 ta danƙa musu kasafin kuɗin makaranta da babban iko wajen ɗaukar ma'aikata. Watau an haɗa musu nauyi da iko, a nan kuwa nauyin ya fi ikon yawa. Daɗin daɗawa, kwamitin da aka kafa domin karɓar tallafi kawai yakan watse ranar da tallafin ya ƙare.

Saboda haka, abin da ya rataya a wuyan ma'aikaci shi ne ya amsa takardar kwamiti a rubuce, cikin lokaci, ko da amsar ba ta yi daɗi ba. Ya kuma tabbata jama'a ne suka zaɓi membobi, ba hedimasta ya rubuto sunayen abokansa ba. Ɗalibin jami'a kuwa, wanda ya fito daga ɗaya daga cikin waɗannan makarantu, akwai kujerar tsofaffin ɗalibai tana jiransa. Kwamiti yana bukatar wanda ya iya rubuta rahoton taro da tsare littafin kuɗi, kuma hutun ƙarshen zango ya isa a soma.

Allah ya ba da ikon riƙon amana.