Ƙafar Doki a Damina: Jawabi a Taron Ƙungiya

Bara na rasa dokin da nake hawan Sallah da shi a Yola. Ɗan gurzuwar dabaibayi ce na raina, har ta ci ƙafar.

To, ga damina, turke duk laka. Kullum da safe ku shafa ƙafafun dokinku. In kun ji ɓawon kirci bisa kofato, ku wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ku tsane, ku ɗaure shi a busasshen wuri. Ban da baƙin mai! In kuwa ƙafa ta kumbura da zafi, yana ɗingishi, ko ƙuraje sun jeru suna mugunya, ku ware shi, a kira likitan dabbobi ran nan.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.