GIYAR ATOMATIK: KAFIN A SAUKE TA, DA BAYAN AN SAUKE

(Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan asalin ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, a garin Yako)



Na san akwai waɗanda za su yi mamakin jin cewa maganar giyar mota aka kawo gaban masu ilmi. To, ga dalili. Galibin waɗanda ke zaune a nan, in ba su riga sun kama aiki ba, suna gab da kamawa. Abu na farko mai tsada da ma'aikaci kan saya kuwa shi ne mota, sau da yawa da bashin da zai shekara yana biya. A cikin motar nan, in ka ɗauke inji, babu abin da ya kai akwatin giya tsada, babu kuma abin da aka fi yi wa gyaran lalube kamarsa. Saboda haka batun ya shafi aljihunmu, ya kuma shafi amfanin karatun da muke yi.

Bari mu ɗan waiwaya baya. A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna, kuma 504 ta zama motar ma'aikata da 'yan kasuwa a duk faɗin Arewa. Giyarta ta hannu ce, da kulocinta. Kanikawanmu suka san ta ciki da waje, har bakaniken ƙauye kan sauke giyarta a gindin bishiya da safe, ya mayar kafin la'asar. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, sai aka koma ga tsofaffin motocin waje, waɗanda muke kira 'yan Kwatano. Daga baya da yawansu daga Amurka suke fitowa, inda giyar atomatik ta daɗe da zama gama-gari, domin tun 1939 kamfanin General Motors ya fito da irin tasa mai suna Hydra-Matic. Motocin sun iso mana, amma littattafansu da kayan awonsu da horon gyaransu ba su biyo su ba. Wannan giɓi shi muke biya da kuɗinmu har yau.

Yaya wannan giya take aiki? A giyar hannu, direba ne ke taka kuloci ya raba inji da ƙafafu, ya sa giyar da yake so. A ta atomatik kuwa, mai ne ke yin wannan aiki. Tsakanin inji da akwatin giya akwai wani tulun ƙarfe cike da mai, wanda kanikawa ke kira kambata. Ku ɗauki fanka biyu ku sa su fuskanci juna, ku kunna ɗaya. Iskarta za ta juya ɗayar ko da ba a kunna ta ba. Haka abin yake a cikin tulun nan, sai dai mai ne a madadin iska. Shi ya sa mota kan tsaya cik tana cikin giya, inji bai mutu ba.

Bayan tulun akwai famfo, wanda inji ke juyawa, yana tura mai da ƙarfi ta cikin wasu siraran hanyoyi da aka sassaƙa a jikin wani faranti mai kama da taswirar lungunan birni. A cikinsa akwai ƙananan ƙofofi masu buɗewa da rufewa. A motocin zamani kwamfuta ce ke ba su umurni, bisa ga gudun mota da yadda aka taka totur. Duk inda man ya bi, sai ya matse wasu faya-fayan kuloci, su kama wani sashe na haƙoran giya su saki wani, giya ta canja. Kun ga ke nan man nan yana aiki huɗu: yana ɗaukar ƙarfin inji, yana matse kuloci, yana hana ƙarafa cin juna, yana kuma kwashe zafi. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin cutar giyar atomatik, domin yawancinta daga man take somawa.

Babban abokin gābar man nan shi ne zafi. An yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. In ya zarce haka ƙwarai, sai ya ƙone, ya yi baƙi, robobin da ke tare shi su bushe, ƙarfinsa ya ragu, kuloci ya fara zamewa, zamewar kuma ta daɗa haifar da zafi. Yanzu ku dubi ƙasarmu. Wanda ya taso daga Kwanar Ɗangora ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya nufi Doguwa ko ya haura duwatsun Riruwai cikin zafin bazara, da mutum bakwai a ƙaramar mota da buhunan masara ko shinkafa a but, ya tara wa giyarsa duk abin da ba ta so: zafin rana, da nauyi, da hawa. Da damina kuma, nan kudu ruwa ya fi na sauran jihar Kano yawa. Mota ta kafe a taɓo, direba ya yi ta jefa ta gaba da ribas yana taka totur. Cikin 'yan mintoci ya cinye kulocin da ya kamata ya yi shekaru. Ko ya kutsa cikin ruwa mai zurfi, ruwan ya shiga ta kafar numfashin akwatin, ya ɓata man.

Akwai kuma ɓarnar da muke yi da hannunmu. Man giya ba iri ɗaya ba ne. Toyota tana da nata, kamar T-IV da WS. Honda tana da nata, kamar DW-1. Giyar nan mai ɗamara da ake kira CVT kuwa manta daban ne ɗungurungum. Amma sai ka ga an je shago an ce a ba da jan mai, ko wane iri ne, a zuba. Haka nan jan mota da igiya: tun da inji ne ke juya famfon, in inji a kashe yake ana jan mota mai nisa ƙafafunta na ƙasa, cikin giyar yana juyawa ne a bushe. Motar da ta mutu a Falgore saboda abin da bai kai ya kawo ba, kafin a jawo ta Kano giyarta ta tafi. A ɗora ta a kan wata motar ya fi araha.

To, mu zo kan sauke giya. Abin da nake so ku riƙe daga wannan lacca shi ne: sauke giya shi ne mataki na ƙarshe, kada a yarda ya zama na farko. Kafin a kwance noti ko ɗaya, akwai tambayoyi huɗu. Na farko, yaya man yake? A duba yawansa a shimfiɗaɗɗen wuri bayan mota ta yi zafi, bisa ga yadda littafinta ya ce, domin yawancin motoci ana duba su ne inji na aiki, amma Honda da yawa sai an kashe inji. In ja ne garau, da sauƙi. In baƙi ne yana warin ƙuna, kuloci ya taɓu. In ya zama kamar madara mai ruwan hoda, ruwa ya shiga, watakila daga lagireto, inda bututun sanyaya man ke ratsawa. Na biyu, me kwamfuta ta ce? Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da kafar da ake jona na'urar bincike, ta faɗi lambar cutar. Sau da yawa motar da ta maƙale a giya ɗaya kwamfutarta ce ta tsare ta a nan da gangan don kada ta lalace, kuma laifin na wata waya ce da ta tsinke, ko ɗan na'urar auna gudu. Na uku, mene ne a cikin tasar da ke ƙarƙashin akwatin? Ɗan laushin baƙin ƙarfe a jikin maganaɗisu ba abin tsoro ba ne. Ɓarɓashi mai kaifi shi ne mugun labari. Na huɗu, nawa ne ƙarfin man in an auna shi da ma'auni? Bakaniken da ya ce a sauke giya alhali bai amsa waɗannan ba, lalube yake yi da kuɗinka.

In kuwa ta tabbata sai an sauke, aikin yana da tsari. A cire kan batir, a ɗaga mota a kan abin da ba zai goce ba, ko a kai ta bisa rami. Akwatin nan kan yi kusa da nauyin buhun hatsi, kuma tara duwatsu a ƙarƙashin mota ya sha raunata yaran gareji. A tsiyaye mai, a cire sandunan da ke kai juyi ga ƙafafu, da wayoyi, da bututun sanyaya mai, ana yi wa kowanne alama. A tallafe inji. Sa'an nan a kwance notukan da suka haɗa kambata da farantin inji, domin ta fito tare da akwatin. In aka bar ta manne da inji aka fizgo, a kan lalata bakin famfo.

Buɗe akwatin kuwa sai a ɗaki mai tsabta, a kan tebur. Ƙofofin da na ambata ƙwayar yashi ɗaya kan toshe su, har zaren tsumma ma kan yi. Wanda ya baje su a ƙasa cikin ƙurar hunturu ya gama da su tun kafin ya soma. A jera kowane abu yadda ya fito, a auna tazarar faya-fayan kuloci da ma'auni, a canja robobi da matatar mai gaba ɗaya, a jiƙa sababbin faya-fayai cikin man giya kafin a sa su, a ɗaure notuka da sifana mai awo. Wajen mayarwa akwai kuskure biyu da suka fi kashe aiki. Na ɗaya, rashin zaunar da kambata sosai a cikin famfo, sai a jawo akwatin da ƙarfin noti, famfo ya fashe tun mota ba ta tashi ba. Na biyu, rashin wanke bututun sanyaya mai, sai dattin tsohuwar giya ya komo ya kashe sabuwa.

Saboda wannan aiki yana bukatar haƙuri da littafi da kayan awo, yawancin garejinmu sun bar shi. Abin da aka saba shi ne a je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a sayo wata giyar ta Kwatano a ɗora. Wani lokaci wannan shi ne daidai, musamman in cikin akwatin ya farfashe. Amma ku tuna tsohuwa ce, ba wanda ya san tafiyar da ta yi, kuma kuɗinta yana bin dala. Tun da aka saki naira a 2023 kowa ya ji a jikinsa. In za ku saya, ku tabbata lambarta ta yi daidai da ta motarku, domin giya biyu kan yi kama a ido su saɓa a waya da haƙora. Ku kuma nemi sharaɗin kwanakin gwaji a rubuce. Duk giyar da aka jefar saboda robar da ba ta kai komai ba, kuɗinmu ne ya tafi waje, aikin da ɗan Yako ko ɗan Tiga zai ci abinci da shi kuma ya ɓace.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Bakanikenmu yana da hannu da kunne da basira, ya kuma koyi sana'arsa da wahala. Abin da ya rasa shi ne littafin da aka rubuta da Turanci da zanen wayoyi. Mu kuma mun iya karanta littafin, amma muna ƙyamar baƙin mai ya taɓa rigarmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wanda ke da hedkwata a Jos, kuma shi ya fito da shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu. Muna da kwalejin fasaha a Bagauda, nan ƙasar Bebeji, da jami'ar kimiyya a Wudil. Me zai hana ɗalibin injiniya ya yi watanninsa na koyon aiki a gareji maimakon zaman ofis yana sa hannu a rajista? Me zai hana ɗaliban Hausa da na injiniya su haɗu su fassara jadawalin man giya da lambobin cuta na motoci goma da suka fi yawa a hanyarmu, a liƙa a kowane gareji daga Kwanar Ɗangora zuwa Doguwa? Aikin hutu ɗaya ne. Mutanen da suka ga an gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarun 1970 ba za su yarda a ce akwatin ƙarfe ya gagari 'ya'yansu ba.

Ga masu mota kuma, shawara kaɗan ce. Ku san sunan man da motarku take sha, ku rubuta shi. Ku riƙa duba shi, ku canja shi da wuri fiye da yadda ake yi a ƙasashe masu sanyi. Ku kula da lagireto da fankarsa. Kada ku sa ribas sai mota ta tsaya cik. A gangaren dutse ku sauko da giya ƙasa don ku rage wa burki aiki. Ranar da aka ce muku sai an sauke, ku tambaya cikin ladabi: Malam, me aka gani a man, me kuma na'ura ta nuna? Bakanike na ƙwarai zai ji daɗin tambayar. Rigakafi dai ya fi magani.