Bin Sawun Roka: Aikin Masu Kunne a Ƙasa

  Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai saƙar hula ta ci gaba da saƙarta, kunne kawai nake so ku ara mini.

Yau hirarmu za ta kai mu nesa, can wata ƙasa da ake kira Niyuzilan, tsibirai ne a tsakiyar teku gabas da Ostireliya. Don ki san nisanta, a watan Janairu idan ƙarfe biyu na rana ta yi a can, mu nan ƙarfe biyu ne na dare, muna barci. A gaɓar tekun ƙasar akwai wani wuri mai suna Mahiya, ƙasar makiyayan tumaki. Nan wani kamfani mai suna Rocket Lab ya gina filin harba roka. Mutumin da ya kafa kamfanin a 2006, Peter Beck, ɗan ƙasar ne, kuma bai yi jami'a ba, a wurin aiki ya koyi sana'ar injina.

Rokar da suka ƙera sunanta Electron, kuma a cikin rokoki ƙarama ce. Tsawonta kamar mita 18, faɗinta bai wuce mita ɗaya da ɗan ɗori ba. Injina tara ne a gindinta, abin da take sha kuwa tataccen kananzir ne da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Kayan da take iya ɗauka kamar kilo 300 ne, wato nauyin buhun shinkafa shida. Aikinta dako ne, kamar motar haya. Kamfanoni masu ƙananan taurarin ɗan'adam su biya kuɗi, ita kuma ta kai musu kayansu sararin samaniya ta sauke a inda aka yi alkawari.

To 'yar'uwa, ga tambaya. Roka ta tashi, cikin 'yan mintoci ta ɓace wa ido. Yaya masu ita ke sanin tana kan hanya ko ta kauce? Mu dai mun saba cewa gani ya kori ji, amma a wannan sana'a ji ne ke riƙe da ragama. A jikin rokar an dasa ƙananan na'urori masu yawa. Wata tana auna zafi, wata tana auna saurin gudu, wata tana lura da yawan man da ya rage, wata kuma tana faɗin daidai inda rokar take. Duk wannan bayani ana aiko shi ƙasa ta hanyar rediyo, irin dai yadda muryata ke zuwa ɗakinki ba tare da kin gan ni ba. A ƙasa akwai manyan eriyoyi masu kama da faranti da ke juyawa suna bin rokar, su karɓi saƙon su miƙa wa ma'aikata da ke zaune gaban kwamfuta.

Daga cikin waɗannan ma'aikata akwai waɗanda aka ɗora wa nauyi mai girma, su ne masu kula da lafiyar jama'a. Roka cike take da mai, idan ta kauce ta nufi gari, abin ba zai yi kyau ba. Saboda haka doka ce, idan ta bar hanya, ko kuma aka daina jin ɗuriyarta har na wani ɗan lokaci, a tsai da tafiyar nan take, ta faɗa teku.

Abin da ya faru ke nan ranar 25 ga Mayu, 2017, ranar da Electron ta fara tashi. Gwaji ne, ba a ɗora mata kayan kowa ba. Ta tashi lafiya, ɓangaren farko ya gama aikinsa ya rabu, na biyu ya kama. Da aka yi kamar minti huɗu, ta kai nisan kilomita 224 a sama, kusan tazarar Kano zuwa Kaduna, sai masu kula da lafiyar jama'a suka daina jin saƙonta. Ba su da zaɓi, suka katse tafiyar.

Da injiniyoyi suka zauna suka binciki bayanan, sai aka gano rokar lafiyarta ƙalau, tana kan hanyarta daidai. Matsalar a ƙasa take. Na'urar karɓar saƙo ta wani kamfani da aka ɗauka haya ce ba a saita ta yadda ya kamata ba. Akwai wani tsari da ke gyara saƙo idan ya zo da ƙura, kamar yadda kike murɗa rediyonki idan tasha ta fara shuu, to wannan tsarin ne ba a kunna ba. Kin ji fa, aikin shekaru ya tafi teku saboda saiti ɗaya. Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wannan rana kunne bai ji ba.

Ba su yi zuciya ba. Suka gyara, suka shirya roka ta biyu, wannan karon da amanar mutane a cikinta. Akwai tauraro ɗaya na kamfanin Planet mai ɗaukar hoton doron ƙasa, da biyu na kamfanin Spire masu bin sawun jiragen ruwa da auna yanayi. Kada ki ɗauka wasu manyan abubuwa ne. Kowannensu bai fi babban burodi ba, nauyinsa kamar kilo biyar.

Nan ma sai da aka sha jira. A watan Disamba na 2017 an yi ta sa rana ana ɗagawa, wata rana iska, wata rana na'ura. Akwai ranar da har an kunna injina, saura sakan biyu ta tashi, kwamfuta ta tsayar da komai. A watan Janairu kuma, jiragen ruwa suka shigo yankin tekun da aka hana shiga, dole aka fasa, domin masu bin sawu ba rokar kaɗai suke kallo ba, har teku da sararin da za ta ratsa sai sun tabbata babu kowa.

Ranar 21 ga Janairu, 2018, da ƙarfe 2:43 na rana agogon can, Electron ta tashi. Bayan kamar minti biyu da rabi ɓangaren farko ya rabu. Cikin minti takwas da rabi ta shiga falaki, tana gudun da ya haura kilomita dubu 27 a awa ɗaya. Wannan gudun ne ke hana tauraro faɗowa, yana kewaya duniya gaba ɗaya cikin kamar awa ɗaya da rabi. A wannan karon saƙo bai yanke ba, kuma kayan mutane sun isa.

Sai dai ko an sauke kaya, bin sawu bai ƙare ba. Masu tauraro sai su jira ya ratso ta saman tasharsu, su kasa kunne su ji saƙonsa na farko. Ke da kika taɓa sallamar ɗa ya tafi makarantar kwana ko fatauci, kin san yadda zuciya ke zama kafin a ce ya sauka lafiya. Haka suke zama. Bayan haka akwai hukumar sojan Amurka da ke bin abubuwan da ke kewaya duniya da na'urar rada, tana ba kowanne lamba, tana gargaɗi idan biyu na neman karo.

Kuma ba kullum ake dacewa ba. A watan Yuli na 2020 wata Electron ta lalace a hanya, taurari bakwai na abokan ciniki suka salwanta. Nan ma bayanan da rokar ta yi ta aikowa kafin ta mutu su ne suka nuna cewa wata mahaɗar wutar lantarki ce ta yi zafi ta saki. Da ba a saurara ba, da ba a san abin da za a gyara ba. Kafin ƙarshen watan Agusta na shekarar suka koma tashi.

Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa yana ciki. Hasashen yanayi da kike ji a rediyo, ko za a yi ruwa, ko hazo zai sauka, da bayanan taurarin ɗan'adam ake haɗa shi. Hotunansu ne ke nuna inda ambaliya ta ci da inda amfanin gona ya ƙone. Nijeriya ma tana da nata tarihin, domin a watan Satumba na 2003 aka harba mata tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga ƙasar Rasha, shi ma ƙarami ne mai ɗaukar hoto.

Ga ɗan aikin gida. Bayan sallar magariba, idan gari ya yi garau, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida ki tara yara ku ɗaga kai. Idan kuka ga wani ɗigon haske kamar tauraro yana tafiya a hankali, a miƙe, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, to mai yiwuwa tauraron ɗan'adam ne, hasken rana ne ke dukansa. Ƙananan nan masu girman burodi ido ba ya kama su, manyan ne ake gani. Ku duba agogo, ku lura daga ina ya fito, ina ya nufa, yarinya ta rubuta a littafinta. Wannan shi ne matakin farko na bin sawu, kuma ba ya bukatar ki taka ko ƙofar zaure.

Nan za mu dakata. Allah Ya ƙara mana sani mai amfani, Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.