HAƘƘIN MARA LAFIYA DA HAƘƘIN MAI JINYA

Laccar da aka gabatar ga 'yan uwa manoman rani na yankin Kura da Bunkure

 

Ya 'yan uwa, maganarmu ta yau ta shafi ɗakin nan da yake can ƙuryar gida, inda tsoho ko mara lafiya yake kwance, ta kuma shafi wanda aka bar wa jinyarsa. Abin da muke son tabbatarwa guda ɗaya ne: duk inda aka jibga jinya a kan mutum ɗaya, to lalle an buɗe ƙofar zalunci biyu, zaluntar mai jinya da zaluntar wanda ake jinya.

Dattawan da suke cikinmu sun san yadda rani yake a ƙasar nan kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Idan an kai amfanin gona rumbu, wasu su tafi cin rani, saura kuwa su sami sararin zumunci da dubiya da zama wurin iyaye. Da ruwa ya sauko ta magudanai ya ratsa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, sai noma ya daina yankewa: shinkafa da damina, tumatir da alkama da albasa da rani, ga masara kafin ruwan sama ya sauka. Wannan ni'ima ce babba, amma ta tafi da lokacin hutu. Magidanci yana gona tun asuba don kada rabonsa na ruwa ya wuce shi, in tumatir ya nuna kuma sai Kwanar Gafan, domin kwando ba ya jiran kowa. Mata suna turara shanshera da shanya ta, yara suna korar tsuntsu. To, wa ya rage wa mara lafiya?

A gidajen da muke shiga dubiya, amsar ba ta cika sauyawa ba. Ko dai matar ɗa ce, mai goyo da girki da sana'a, ko kuwa yarinya 'yar shekara goma sha wani abu da aka cire daga makaranta. Ita za ta ɗaga, ta kwantar, ta wanke najasa, ta ba da abinci a baki, ta kwana a zaune, wata da watanni, babu mai karɓarta ko da yini ɗaya. Sa'annan idan 'yan dubiya suka zo, mara lafiya ake yi wa sannu, ita kuwa sai a tambaye ta me ya sa ɗakin yake wari.

Mu sani cewa Shari'a ba ta aza wannan nauyi a inda al'ada ta aza shi ba. Haƙƙin iyaye, wanda Allah (SWT) ya haɗa shi da umarnin kaɗaita Shi a cikin Suratul Isra'i, yana wuyan 'ya'yan da suka haifa ne. Malaman fiƙihu ba su wajabta wa mace jinyar surukanta ba. Idan ta yi, kyautatawa ce, kuma ta cancanci godiya da taimako. Wanda ya miƙa wa matarsa wajibinsa ya tafi gona, sa'annan ya dawo yana zaginta ko dukanta a kan abin da bai taɓa sa hannunsa a ciki ba, ya ci amana biyu.

Gajiya kuwa ba ta tsayawa a jikin mai ita. Wadda aka hana barci, aka hana ta godiya, watarana za ta daka wa tsohuwa tsawa, ta rage mata ruwan sha don kada ta jiƙa shimfiɗa, ta ja ƙofa ta bar ta a duhu. Ba muna wanke wannan aiki ba ne, haramun ne ko daga wa ya fito. Amma wanda ya bar ta ita kaɗai yana da nasa kason na alhaki. Akwai kuma wani zaluncin da ba ya barin tabo a jiki: a jinginar da gonar tsoho ko a ba da ita haya alhali yana raye, ba da saninsa ba, kuɗin kuma ba su koma kan maganinsa ba.

Mafi muni shi ne abin da ake yi wa mai taɓin hankali. A watan Satumba 2019 'yan sanda sun fitar da fiye da mutum 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu a cikin mari. A watan Agusta 2020 kuma aka ceto wani matashi a unguwar Farawa, Kano, wanda ya yi shekaru a kulle a gidan iyayensa. Kowa ya yi tir, amma irin wannan yakan fara ne daga dangin da suka gaji suka rasa mafita. Ya tabbata a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. To, ina ga ɗan Adam? Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ma ta tabbatar masa da haƙƙin magani da kariya daga azabtarwa.

Jahiltar ciwo yana ƙara wa wannan wuta fetur. Tsohuwar da take manta sunan ɗanta, ko take cewa an sace mata kaya, ba mayya ba ce, ba kuma neman fitina take ba. Ƙwaƙwalwarta ce ta samu rauni. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki, kuma kusan mutum 7 cikin 10 sukan daina faɗuwa idan suka lizimci magani. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana bukatar a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa 2, in ba haka ba bayansa ya yi gyambo. Mutum ɗaya ba zai iya wannan dare da rana ba. Akwai Babban Asibitin Kura, akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Addu'a da ruƙya ba su hana zuwa wurin likita ba.

Mafita kuwa tana hannun mutanen yankin nan, domin babu wanda ya fi su sanin rabo. Kowa ya san ranar ruwansa, kowa ya san cewa in an zo yashe magudana ba a barin mutum ɗaya da shebur. Wannan tsarin muke kira a shigo da shi cikin gida.

Na farko, 'ya'ya maza da mata su zauna su raba kwanakin jinya, kowa ya san darensa. Ɗa namiji ya wanke mahaifinsa da hannunsa, babu abin kunya a ciki. Na biyu, ranar da aka sayar da amfani a ware kason magani kafin a yi maganar sabon babur ko ƙarin aure. Na uku, mai jinya ta sami yini guda a mako ta huta, ta ga danginta, kuma kada a cire yarinya daga karatu saboda jinya. Na huɗu, kowane masallaci ya san gidajen da suke da mai doguwar jinya a unguwarsa, domin kula da wanda ba shi da kowa farilla ce a kan jama'a, idan babu wanda ya tsaya kowa ya yi laifi. Na biyar, wanda ya ji kuka ko ƙarar sarƙa ta bayan katanga kada ya ce ba ruwansa. Ya yi nasiha a asirce, in ba a ji ba ya kai wa liman da mai unguwa, in ta kama har hukuma.

Ya 'yan uwa, wanda yake ɗaukar buhu a yau shi za a ɗauka gobe, kuma 'ya'yanmu suna kallon yadda ake yi da kakanninsu. Muna roƙon kowa in ya koma gida daren nan ya shiga ɗakin mara lafiyarsa, ya ce wa mai jinya ta je ta kwanta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya tsare mu daga cin haƙƙin raunana.