Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma

 

An ce mu yi magana a kan haƙƙin wanda ake tuhuma. Za mu ɗauko zancen daga nesa, daga ƙasar Rasha a farkon mulkin kwaminisanci.

A shekarar 1928 aikin haƙar kwal a garin Shakti ya yi ta cin tura. Ramuka na cika da ruwa, injuna na lalacewa, abin da ake haƙowa bai kai abin da gwamnati ta yanka ba. Injunan sun tsufa, ma'aikata da yawa kuma sababbin zuwa ne daga ƙauye. Amma laifi tudu ne. Gwamnatin Stalin ta ce zagon ƙasa ne, injiniyoyi ne ke yi da gangan, wai tsofaffin masu ramukan da suka gudu ƙasashen waje ke biyan su. Da yawansu sun yi karatu tun zamanin sarauta, kafin juyin juya halin 1917, don haka dama kallon bare ake yi musu.

Aka gurfanar da mutum 53 a Mosko, uku daga cikinsu Jamusawa. Daga watan Mayu zuwa Yuli ana shari'a, kusan duk hujjar kuwa bakin mutanen ne da kansu, bayan an tsare su ana hana su barci. Akwai wanda ya tsaya gaban alƙali ya janye amsa laifin da ya yi, aka mayar da shi ɗaki, ya dawo ya sake amsawa. An yanke wa 11 hukuncin kisa, aka harbe biyar. A 1930 aka sake irin wannan shari'a da wasu masana takwas, har cikin takardar ƙara aka ce sun ƙulla makirci da wani attajiri wanda ya mutu tun 1924! Kamen ya ci dubbai. Da masana'antu suka rasa masu gyara, a 1931 Stalin da bakinsa ya ce a sassauta wa tsofaffin ƙwararru. Sai a 2000 hukumomin Rasha suka wanke mutanen Shakti, bayan shekara 72.

Mu dawo gida. Idan taransifoma ta ƙone, ko famfon burtsatse ya tsaya, ko buhunan citta suka ɓace a sito, wa ake fara kamawa? Mai gyaran wuta, bakanike, mai gadi. In kuma dama ana kiransa baƙo, ko da a nan aka binne cibiyar kakansa, to an gama yanke masa hukunci tun a kasuwa. Yaranmu da yawa a waɗannan sana'o'i suke, shi ya sa maganar ta shafe mu.

Tsarin mulkin 1999 bai bar mu haka ba. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma in bai jin harshen da ake shari'a da shi, a ba shi tafinta kyauta. Sashe na 35 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Sashe na 42 ya hana a ware mutum saboda ƙabila, asali ko addini. Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar amsa laifin da aka tatsa da matsi, kuma tun 2017 azabtar da wanda ke tsare laifi ne mai zaman kansa.

Inda aka fi cin mu shi ne takarda. A ofishin 'yan sanda a rubuta bayani da Turanci, a ce dangwala nan ka tafi gida. Kada ka dangwala, kada ka sa hannu, sai wani naka ya karanta maka da Hausa. Iyaye mata, in an tafi da yaro, a sanar da ƙungiya a ranar, kada a jira gari ya waye.

A ajin yaƙi da jahilci na wannan mako za mu bi waɗannan sassa uku layi-layi. Mai sana'ar hannu da ba ya cikin ajin ma ya zo. Wassalamu alaikum.