Yadda Kaɗan Ke Ba Da Labarin Mai Yawa

 

Maganarmu ta yau ta shafi ilmin ƙididdiga, watau ilmin tattara alƙaluma da auna su. Kada sunan ya ba ku tsoro. Tambaya biyu ce kawai a gabanmu. Yaya mutum zai duba kaɗan ya san halin mai yawa? Sa'an nan, idan aka kawo mana sabon iri ko sabon taki aka ce ya fi wanda muka saba, yaya za mu gane gaskiya kafin mu zuba kuɗinmu da damina guda a kansa?

Iyayenmu mata sun riga mu sanin amsar ta farko. Uwargida ba ta shanye tukunya don ta ji ko gishiri ya ji. Ɗan cokali ɗaya ya ishe ta, ko miyar gida ce ko ta biki. Amma sai ta motsa tukunyar tukuna. In ba ta motsa ba, labarin saman miya kawai za ta ji, ko da ta sha ludayi goma. Haka mai sayen hatsi da ya san kasuwa: ba ya tsayawa ga bakin buhu, sai ya ɗebo daga tsakiya da ƙasa, kuma shi ne zai nuna buhun da za a buɗe, ba mai kaya ba. Wannan ɗan kaɗan da ake ɗiba shi ake kira samfuri. Yadda aka ɗebo shi ya fi yawansa muhimmanci.

Ga abin da ya faru a Amurka a 1936, da wasu suka ƙi motsa tukunya. Zaɓen shugaban ƙasa ya gabato, tsakanin Franklin Roosevelt da ke kan mulki da Alf Landon. Wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika wa mutane wajen miliyan 10 takardu tana tambayar wanda za su zaɓa. Fiye da miliyan 2 suka mayar da amsa. Da aka ƙirga, sai mujallar ta buga cewa Landon zai ci da kashi 57 cikin ɗari. Ranar zaɓe Roosevelt ya sami kusan kashi 61, ya kwashe jihohi 46 daga cikin 48 da ƙasar ke da su a lokacin. Mujallar ba ta farfaɗo daga wannan kunya ba, a 1938 ta daina fitowa.

Me ya jawo haka? Sunayen da ta aika wa takardu ta samo su ne daga littattafan masu wayar tarho, da rajistar masu mota, da masu sayen mujallar. A waɗannan shekaru na matsin tattalin arziki, mai tarho da mota mai hali ne, talakawa kuwa akasarinsu suna bayan Roosevelt. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda binciken baya ya nuna ya ma fi yin ɓarna, shi ne cikin kowane mutum huɗu da aka aika wa takarda, uku ba su amsa ba. Masu jin haushin gwamnati su ne suka fi ɗokin amsawa. Wanda ya gamsu sai ya ajiye takardar ya ci gaba da harkarsa.

A wannan zaɓe wani mutum, George Gallup, ya tambayi mutane wajen 50,000 kacal, amma ya yi ƙoƙarin haɗa masu hali da talakawa, birni da ƙauye, ya kuwa faɗi daidai cewa Roosevelt ne zai ci. Sai dai shi ma ya sha ƙasa a zaɓen 1948: ya ce Dewey zai ci, Truman ya ci. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, ma'aikatansa su ke zaɓen wanda za su tsayar su tambaya. Ɗan Adam kuwa in an bar shi da zaɓi, mai fara'a da mai tsabtar riga zai nufa, ko bai yi niyyar son kai ba.

To, mene ne magani? Ƙuri'a. A cire hannun mutum daga zaɓen.

Alal misali, ƙauye yana da gidaje 400, ana so a san gida nawa ƙwari suka ɓata wa wake a rumbu. Idan malamin gona ya tsaya ƙofar mai gari ya tambayi waɗanda ya tarar a zaune, labarin masu zaman fada ya ji. Idan ya bi gidajen bakin hanya don kada babur ɗinsa ya sha yashi, labarin bakin hanya ya ji. Abin da ya kamata shi ne a rubuta sunan kowane magidanci a 'yar takarda, a naɗe, a zuba cikin ƙwarya, a gauraya sosai, a sa yaro ya zaro 40. Ta haka kowane gida yana da rabo daidai da na ɗan'uwansa. Gidan da aka je ba a sami mai shi ba, a sake komawa, kada a ce bari mu shiga na maƙwabci. Wanda ba ya gida da rana wataƙila shi ne ya fi kowa asara, ya tafi ƙwadago. In ƙauyen yana da ɓangarori da suka bambanta, kamar cikin gari da ruga da masu noman fadama, sai kowane ɓangare a yi masa tasa ƙwaryar, a zaro gwargwadon yawansa.

Mutum nawa ya isa? Masana sun yi lissafin. A gari babba, in an zaɓi mutum 100 da ƙuri'a, amsar takan kauce wa gaskiya da abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, sau 19 cikin 20. In 400 ne, kashi 5. In 1,000 ne, wajen kashi 3. Ku lura, sai an ninka yawan sau huɗu kafin kuskuren ya ragu da rabi. Amma wannan lissafi na samfurin ƙuri'a ne kaɗai. Wanda aka ɗebo a karkace, yawa ba ya gyara shi.

Yanzu mu shiga gona. Sau da yawa za ka ji manomi ya ce, bana na sa sabon iri na sami dami 30, bara kuwa 20 na samu. Madalla. Amma ruwan bana ɗaya ne da na bara? Wani kuma zai gwada gonarsa da ta maƙwabci, alhali maƙwabcin bai yi noman farko da wuri ba. Wani, don yana son sabon irin, sai ya shuka shi ƙarƙashin gawo ko inda shanu suka kwana da rani, tsohon iri kuwa ya bar shi inda wuta-wuta ta yi kaka-gida. Da kaka ya ce sabon iri ya yi albarka. Irin ne ko ƙasar? Ba mai iya rarrabewa, har shi kansa.

Wannan matsala ce wani Bature masanin lissafi, Ronald Fisher, ya tarar a tashar binciken aikin gona ta Rothamsted a Ingila, da ya kama aiki can a 1919. Tashar tana gwajin taki tun 1843, alƙaluma sun taru tuli. Fisher ya ga cewa in ba a tsara gwaji da kyau tun farko ba, lissafi ba ya cetonsa daga baya. A 1935 ya fitar da littafi sukutum a kan tsara gwaji, kuma hanyarsa ce masu bincike ke bi a Samaru ta Zariya da sauran wurare kafin su ba manoma sabon iri. Ba abin da zai hana mu yin ta a gida.

Ka ware fuloti takwas a gonarka, kowane taku goma tsawo, taku goma faɗi. Ka haɗa su bibbiyu, kowane biyu suna manne da juna a ƙasa iri ɗaya: biyu a tudu, biyu a gangare, haka dai. A kowane biyu sai ka jefa kwabo. In ya faɗi ta fuska, na dama ya sami sabon iri, na hagu tsoho. In ta baya ya faɗi, ka juya. Abin da kwabo ya ce shi ke nan, ko ranka bai so ba. Daga nan kome ya zama ɗaya: ranar shuka, yawan taki, tazarar rami, ranar noma. Abu ɗaya za ka canza. In ka canza iri ka kuma ƙara taki, ba za ka san wanda za ka yi wa godiya ba. Masu bincike suna da dabarar gwada abu biyu ko uku tare, amma tana bukatar fuloti masu yawa.

Wani zai ce, don me takwas, biyu ba su isa ba? Ku yi lissafi da ni. Ko da irin biyu ba su da wani bambanci, a gwaji ɗaya sabon zai iya yin gaba da sa'a kawai, sau ɗaya cikin biyu. Amma ya yi gaba a duka wurare huɗu da sa'a kawai, sau ɗaya ne cikin 16. In wurare shida ne, sau ɗaya cikin 64. Shi ya sa a ganina manoma uku ko huɗu su haɗa kai, kowa ya yi a gonarsa, ya fi mutum ɗaya ya yi shi kaɗai.

Da kaka, kada a haɗa amfanin. Kowane fuloti a girbe shi daban, a bar kunyoyin gefe domin sun ci daga na maƙwabtansu. A shanya, a sussuke, a auna da mudu ɗaya, a rubuta nan take. Dami ba ma'auni ba ne, hannu ya bambanta. In da hali, wanda zai auna kada ya san wane tari ne na sabon iri, domin mai so yakan cika mudu ya yi masa tozo bai sani ba. Likitoci ma haka suke yi. A gwajin allurar shan inna da aka yi a Amurka a 1954, an raba yara wajen 400,000 kashi biyu da ƙuri'a, rabi aka yi musu allurar gaske, rabi wadda ba magani a ciki, kuma daga iyaye har likitocin da ke duba yaran ba wanda ya san wane ne wane. Yara 57 suka kamu cikin masu allurar gaske, 142 cikin ɗaya kashin.

Ko sabon iri ya yi gaba bana, kada ku zubar da na gado tukuna. Damina ɗaya ita ma samfuri ɗaya ce. Ku sake gwajin baɗi, ku sake jefa kwabon, ku ga yadda zai yi in ruwa ya ɗauke da wuri.

Nan zan tsaya. Mai tambaya, bismilla.