Jan Ƙurji a Mazaunan Jariri: Kada a Ɗora wa Nono Laifi



Abin da ya tara mu yau ciwo ne ƙarami a ido, har wani ya ce bai isa a kira taro dominsa ba. Shi ne jan ƙurjin nan da ke fitowa a mazaunan jariri da matsematsinsa, inda kunzugu ke rufewa. Galibi ya kan tafi cikin kwana biyu ko uku idan an kula. Amma akwai irin wanda ba ya tafiya. A shafa wannan, a shafa wancan, ya yi kamar ya mutu, bayan kwana kaɗan ya dawo ja wur. Yaro ya yi fitsari ya tsala ihu, uwa ta kwana a zaune. Daga nan sai a shiga neman mai laifi, kuma a gidaje da yawa nonon uwa a ke kamawa. A ce nono ya ɓaci, ko yana da zafi, a sa uwa ta rage shayarwa, a soma ɗura wa jariri ruwa ko koko ko madarar gwangwani tun lokaci bai yi ba. To, a nan ne ƙaramin ciwo ke zama babba. Ƙurjin mazaunai ba kasafai ya ke kashe yaro ba, amma zawo da tamowa da ke bin bayan yaye kafin lokaci suna kashewa.

Saboda haka bari mu fara da sanin ciwon kansa, domin iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko ƙuna ce kurum. Fitsari da kashi sun daɗe a jikin fata, kunzugu yana gugarta, sai ta yi ja. Wannan irin ya kan tsaya a wuraren da suka fi tudu, watau saman mazaunai da cinyoyi, inda tsumma ke taɓawa. In kun buɗe ninkin fata na matsematsi za ku tarar da cikinsa lafiya lau. Tsabta da iska da ɗan man da zai kare fata sun ishe shi.

Na biyu shi ne abin maganarmu. Wata ƙwayar halitta ce ke kawo shi, dangin funfuna, wadda likitoci ke kira kandida. Ba baƙuwa ba ce. Tana zaune a baki da hanjin mutane da yawa masu lafiya, ba ta cutar da kowa, sai ta sami wuri mai ɗumi da laima da fatar da ta riga ta ƙuje, sa'an nan ta yaɗu. Ga yadda za ku gane ta: jan ya fi tsanani, kamar ɗanyen nama, yana ƙyalli. Yana shiga can cikin ninkin fata, inda ƙuna ba ta shiga. Kuma a gefen babban jan za ku ga ƙananan ɗige-ɗige jajaye a warwatse, kamar an yayyafa, wasu da ɗan farin kai, suna hawa zuwa mara da cinya. Waɗannan ɗige-ɗigen su ne babbar alama. Haka kuma duk ƙurjin da ya wuce kwana uku bai sauka ba alhali ana tsabta, to, a zargi kandida.

Ku dubi garinmu. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri ya kan haura digiri 40. Damina ta sauka, laima ta haɗu da zafi. Jariri yana goye a baya, an sa masa kunzugu, an ɗora wandon roba ko an naɗa leda don kada ya ɓata zane, an ja zanen goyo an ɗaure. Babu inda iska za ta shiga. Wanda ya ke son ya noma funfuna da gangan ba zai shirya mata gona fiye da haka ba. Waɗanda ambaliyar watan Satumba na 2024 ta raba da gidajensu a Gwange da Fori da Gamboru, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, sun fi kowa sanin yadda wanke tsumman jariri da shanya shi ke zama aiki babba idan ruwa mai tsabta da fili sun yi wuya.

Akwai kuma abin da mu da kanmu mu ke sayowa da kuɗinmu. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksilin da Ampiclox, ba sa bambance mugu da nagari. Suna kashe ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a hanji, waɗanda su ne ke danne kandida, sai ta sami sarari. Wannan na faruwa ko jaririn ne ya sha, ko uwar da ke shayar da shi. Idan likita ne ya rubuta don wani ciwo, a sha a ƙarasa, ba a fasa ba. Amma al'adar nan ta sayo ruwan magani a kemis a riƙa ɗiga wa sabon haihuwa a baki, wai don rigakafi, ba ta da tushe a ilmin likitanci, kuma tana cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo.

Yanzu sai maganin. Ba shi da tsada ƙwarai, kuma ana samunsa a asibitocinmu da manyan shagunan magani. Man shafawa ne na kashe funfuna, ɗaya daga cikin ukun nan: nistatin, ko kulotirimazol, ko mikonazol. Malamin asibiti ne zai duba yaron ya zaɓa, ya kuma faɗi sau nawa za a shafa a yini. Galibi sau biyu zuwa huɗu ne, gwargwadon irin maganin. Uwa ta wanke hannunta da sabulu, ta wanke wurin da ruwa mai ɗumi kaɗan, ta tsane shi da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba, ta bari ya sha iska ya bushe, sa'an nan ta shafa maganin siriri, har cikin ninkin fata, har kan ɗige-ɗigen gefe. Maganin shi ne zai fara taɓa fata. Idan aka riga aka shafa basilin ko man kaɗe sa'an nan aka ɗora magani a kai, an yi masa katanga. Man kaɗe da basilin da man zinki suna da amfaninsu wajen kare fata daga fitsari, amma ba sa kashe kandida, ko da an shekara ana shafawa.

Cikin kwana biyu zuwa uku za a ga jan ya soma dushewa. To, nan ne mafi yawan iyaye ke tuntuɓe. Uwa ta ga fata ta yi kyau, ta ajiye maganin don wata rana. Ƙwayar kuwa ba ta mutu duka ba, ta kwanta ne. Bayan mako guda sai ga ta, sai a ce maganin asibiti ba ya aiki. A ci gaba da shafawa har kwanakin da aka faɗa su cika, kuma a ƙara kamar mako guda bayan ƙurjin ya ɓace daga ido, sai fa idan likita ya ce a tsaya.

Ina so in daɗe kaɗan a kan wani magani da ya cika gidajenmu. Shi ne man shafawar nan da a ke kira mai aiki uku, wanda za ku samu a kemis da kasuwa, har a tiren masu talla. A cikinsa akwai maganin funfuna, gaskiya ne, amma an haɗa shi da wani sinadari mai ƙarfi, betametason ko kulobetasol, wanda aikinsa danne ja da ƙaiƙayi. Shi ya sa ya ke ruɗin mutane: a shafa da dare, da safe a ga wurin ya yi fari, maƙwabta su ce an dace. Alhali kuwa wannan sinadarin yana raunana garkuwar fata, kandida ta ci gaba da yaɗuwa a ƙarƙashi. Fatar jariri siririya ce, kunzugu kuma yana rufe maganin ya tilasta shi shiga jiki. In aka daɗe ana yi, fatar ta ƙara sirancewa ta riƙa tsagewa, sinadarin ya shiga jini, fuskar yaro ta kumbura ta yi zagaye har a ɗauka ƙiba ce, girmansa kuma ya tsaya. Abin takaici, akwai masu zuba shi cikin man shafawar jariri na kullum don fatarsa ta yi haske. Wannan cutar da yaro ne, ko da wace niyya aka yi. In wurin ya yi zafi ƙwarai, likita ya kan ba da wani mai sauƙi, haidurokotison, na 'yan kwanaki ƙididdigaggu. Wannan hukuncin likita ne, ba na mai shago ba.

Hoda ma a ajiye ta. Tana dunƙulewa a ninkin fata idan ta jiƙe, ƙurarta kuma tana shiga huhun jariri. Haka nan sabulu mai ƙamshi, da zuba Dettol a ruwan wanka, da tsumman goge-goge na leda mai turare: duk suna ƙara ƙona fatar da ta riga ta ji ciwo. Shuɗin maganin nan kuwa da a ke kira ji-bi, wanda iyayenmu suka sani tun da daɗewa, yana kashe funfuna, amma in ya yi kauri yana ƙona fata da baki, kuma a 2019 hukumar lafiya ta ƙasar Kanada ta hana sayar da shi saboda fargabar cutar daji. Tun da akwai waɗanda suka fi shi, kada a yi amfani da shi sai ma'aikacin lafiya ne ya bayar.

Idan an yi duk wannan ciwon yana dawowa, a buɗe bakin yaron a duba. Kandida ta kan zauna a baki, ta bi hanji, ta fito cikin kashi, ta sake kama mazaunai. Za ku ga fari-fari kamar gutsattsarin kindirmo a harshe da cikin kumatu da dasashi. Ku gwada da tsumma mai tsabta a hankali: in ragowar nono ne zai goge, in kandida ce za ta manne, ko ta bar ja a ƙasa. Kada a kankare, kuma kada a shafa zuma, domin ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba zuma. Akwai nistatin na ruwa da a ke ɗigawa a baki bayan ya sha nono.

Ke kuma uwa, in kan nononki ya yi ja yana ƙyalli, yana ƙaiƙayi ko zugi bayan shayarwa, ki faɗa, kada kunya ta hana ki. Ciwon kan nono sau da yawa daga rashin kama nono daidai ya ke, malamar asibiti za ta gyara miki riƙon yaron. In kuwa ta ga kandida ce, za a yi muku magani ku biyu lokaci guda, domin in aka yi wa ɗaya aka bar ɗaya sai ku riƙa miƙa wa juna. Ki riƙa sake rigar nono kullum, kada ta kwana a jiƙe. A duk wannan hali ba a dakatar da shayarwa ko na yini ɗaya. Ciwon a fata ya ke, ruwan nonon kansa lafiyayye ne, kuma shi ne ke ɗauke da abubuwan da ke ƙarfafa jikin yaron. Nono zalla, ba ruwa ba komai, har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara 2: wannan ita ce shawarar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ƙurji bai sauya ta ba. Masu cewa mai jego ta bar burodi don akwai yisti a cikinsa, yistin burodi dabam, kandida dabam. A bar ta ta ci ta ƙoshi.

Magidanta, ga rabonku. Kunzugun zamani irin su Pampers yana da tsada, mun sani. Saboda tsadar nan a kan sa wa yaro guda ɗaya da safe a bar shi har la'asar, wani lokaci har a shanya wanda ya jiƙe a sake sawa. Kuɗin da aka tsimpa a nan shi a ke kai wa mai kemis ninki biyu. Jariri mai shan nono ya kan yi kashi sau da yawa a yini, musamman a makonnin farko, kuma kamata ya yi a sake masa kunzugu duk bayan awa biyu ko uku, da kuma nan take in ya yi kashi. In aljihu ba zai ɗauki wannan ba, ba abin kunya ba ne a koma ga tsumman auduga. A tanadi da yawa, a wanke da sabulu, a ɗauraye har kumfa ta fita sarai, a tafasa muddin ana fama da ciwon, a shanya a rana. Rana kam Allah ya hore mana ita a Borno. Sai dai wankin yana cin ruwa da gawayi, kuma kuɗin mai garuwa daga hannunku ya ke fitowa. Abin da ya fi kowane araha shi ne a bar yaron ba kunzugu: a shimfiɗa tsumma a kan tabarma a inuwa, a kwantar da shi, ya sha iska sau da yawa a yini. Wandon roba da leda kuwa a cire su gaba ɗaya har ya warke.

Akwai lokacin da ba a jira. In yaron yana da zazzaɓi, musamman wanda bai kai wata 3 ba, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko wurin ya yi ƙuraje masu ruwa ko mugunya, ko ya zama gyambo yana jini, a kai shi asibiti a ranar. Haka kuma in an yi mako guda ana shafa maganin daidai babu sauƙi, ko ciwon ya bazu zuwa wuya da hammata da kai, ko yaron yana ramewa, ko kandida tana dawowa baki da mazaunai a kai a kai. Wani lokaci ciwon fata ne dabam da ya yi kama da wannan. Wani lokaci kuma alama ce ta abin da ke ɓoye, kamar tamowa, ko ƙarancin sinadarin zinki a jiki, ko raunin garkuwar jiki, har da cutar ƙanjamau, wadda a yau a ke gwajinta kuma akwai maganin da ke riƙe ta. In likita ya nemi a yi wa uwa da ɗa gwaji, kada a ɗauka zargi ne. A fara da ƙaramin asibitin unguwa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Ƙwararru na Jiha ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Ranar da za ku je, kada ku shafa komai a wurin da safen, domin likita ya ga ciwon yadda ya ke. Ku tafi da katin rigakafin yaron. Ku kuma tattara duk abin da aka taɓa shafa masa ko aka ba shi ya sha, na kemis da na gargajiya, da kwalayensu, ku sa a jaka ku nuna.